Holda Mai Makunni: Yadda Aka Ƙera Ta da Abin da Ya Kamata Mu Sani Game da Ita

Gabatarwa

A zangon karatu na biyu na bara, ana saura kwana huɗu mu fara jarrabawa, ƙwan fitilar da nake karatu da ita ya mutu da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Fitila ce 'yar ƙarama ta kan tebur wadda na saya a kasuwa, makunninta kuwa a jikin mazaunin ƙwan yake, wani ɗan abu ne baƙi da ake murɗawa. Na murɗa shi, na ji ya yi ƙas, sai na ɗauka na kashe. Na kama ƙwan na fara warware shi. Ba takalmi a ƙafata, ga daɓen siminti da danshin damina. Yatsana yana taɓa ƙarfen gindin ƙwan sai wuta ta ja ni har kafaɗa, na yar da fitilar a ƙasa. Allah ya kiyaye, abin bai wuce tsorata da ɗan ciwon hannu ba.

Amma tambaya ta tsaya mini a rai. Ta yaya fitilar da na kashe za ta ja ni? Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran wuta a bakin kasuwa, daga baya kuma na shiga karance-karance. Abin da na samu shi ne na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan mujalla, domin kusan kowane ɗayanmu yana da irin wannan fitila a ɗakinsa. Maƙalar za ta dubi sassan holda, da tarihin sa mata makunni, da ire-iren makunnin, sannan ta bayyana inda haɗarin yake.

Mece Ce Holda?

Holda ita ce mazaunin da ake ɗaura ƙwan lantarki a cikinsa. Ayyukanta uku ne. Na farko, ta riƙe ƙwan kada ya faɗo. Na biyu, ta sada shi da wayoyi biyu, wato waya mai wuta da wayar da wutar ke komawa ta cikinta, wadda masu sana'ar suke kira nitiral. Na uku, ta raba hannun mutum da duk wani ƙarfe mai ɗauke da wuta. Idan aka ƙara mata makunni, to ta sami aiki na huɗu, wato kunnawa da kashewa. Wannan aiki na huɗu shi ne yake wahalar da na uku, domin yana gayyato hannun mutum zuwa wurin da ya kamata a nisanta shi.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwanninmu, shi ya sa mai shago kan tambaye ka, "Mai fin ko mai zare?" Mai zare ita ce wadda ake murɗa ƙwan a cikinta kamar murfin kwalba. Asalinta daga Thomas Edison na Amurka ne, shi ya sa lambarta take farawa da harafin E. Wadda muka fi gani ita ce E27, ma'ana faɗin gindin ƙwan milimita 27 ne. A Amurka E26 suke amfani da ita. A cikin wannan holda, wuta tana shiga ta wani ɗan harshen ƙarfe da ke can tsakiyar gindi, ta fita ta zaren da ke gefe. Ke nan zaren kansa hanyar wuta ne. A riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Mai fin kuwa daga Birtaniya ta zo mana, kamar yadda fulogi mai ƙafa uku da sauran tsarin wutarmu suka zo. Lambarta B22, faɗinta milimita 22. Ƙwanta yana da 'yan kunnuwa biyu a gefe. Ana tura shi ciki, a ɗan murɗa, kunnuwan su shige cikin tsagi su maƙale. Turawa sun ba ta sunan banati, saboda haka soja yake maƙala banati a bakin bindiga. A cikinta akwai 'yan sanduna biyu na tagulla masu sifirin, su ne suke danna gindin ƙwan su ba shi wuta. Ƙarfen gefen ƙwan ba ya ɗaukar wuta, aikinsa riƙewa kawai. Wani amfaninta kuma shi ne girgiza ba ta kwance ta.

Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1879 Edison ya samar da ƙwan lantarki mai ɗan daɗewa, a daidai lokacin da Joseph Swan yake nuna nasa a Ingila. A 1882 aka buɗe tashar wuta ta titin Pearl a birnin New York. Kafin wannan lokaci, gidajen masu hali a biranen Turai da Amurka da fitilar iskar gas suke amfani. Kowace fitilar gas tana da ɗan mabuɗi a wuyanta, wanda ake murɗawa a buɗe iskar ko a toshe ta. Mutane sun saba da cewa idan kana son haske, wurin fitilar za ka je. Da lantarki ya zo, sai maƙera suka bi abin da jama'a suka saba da shi, suka sa wa holda ɗan mabuɗi mai kama da na gas. Wannan shi ne kakan makunnin da ya ruɗe ni.

Akwai kuma dalili na kuɗi. Makunnin bango yana buƙatar a ja waya daga rufi zuwa bango, ta sake komawa. A gidan da aka riga aka gina, wannan aiki ne mai cin waya da kuɗin ma'aikaci. Idan makunnin yana jikin holda, waya biyu kawai za a sauko da su daga rufi, shi ke nan. Wannan dalili bai tsufa ba. Shi ne har yau yake sa mai shayi da mai kiosk da mai gidan haya su zaɓi holda mai makunni.

Sai dai mabuɗin yana da matsala. Dole mutum ya miƙa hannu cikin duhu ya lalubo fitilar da ke lilo, ya riƙe ta da hannu ɗaya, ya murɗa da ɗayan. Idan tana sama sosai, sai an taka kujera. A 1896 wani Ba'amurke mai suna Harvey Hubbell, a garin Bridgeport na jihar Connecticut, ya yi rajistar holda mai sarƙa, wadda ake ja ta kunna, a sake ja ta mutu. Shi ne kuma a 1904 ya yi rajistar wani fulogi da ake iya cirewa, wanda mazauninsa yake shiga cikin holda. A wancan zamani soket ɗin bango bai yawaita ba, saboda haka dutsen guga da fanka ma daga holdar fitila ake ba su wuta.

Kayan da ake ƙera holda da su ma sun yi ta sauyawa. An fara da katako, aka koma tangaran da tagulla. Holdar tagulla akan sa mata wani kwali mai kauri a ciki domin ya raba ƙarfen waje da na ciki. Bayan Leo Baekeland ya ƙirƙiro robar Bakelite a 1907, wadda ba ta ɗaukar wuta kuma ba ta narkewa da zafi, sai holdar roba ta bazu a duniya.

Ire-Iren Makunnin Holda

Akwai manyan iri uku da za mu iya haɗuwa da su.

1. Mai murɗawa. A cikinsa akwai wani ɗan guntun abu da ke juyawa tare da mabuɗin. Wani gefensa ƙarfe ne, wani gefen kuma ba ya ɗaukar wuta. Idan gefen ƙarfen ya zo tsakanin harsuna biyu, sai ya zama gada, wuta ta wuce. Idan aka ƙara murɗawa, sai gadar ta kauce. A Amurka akwai wani nau'insa mai matakai huɗu, wanda ake haɗawa da ƙwai mai zaren haske biyu, misali na wat 50 da na wat 100. Murɗawar farko ta kunna ƙaramin, ta biyu ta kunna babban, ta uku ta haɗa su su zama wat 150, ta huɗu ta kashe.

2. Mai sarƙa. Idan aka ja sarƙar, tana juya wani ɗan faifai mai haƙora da taki ɗaya. Da an sake ta, sai sifirin ya mayar da ita inda take, amma haƙoran su hana faifan komawa baya. Takin farko ya haɗa wuta, na biyu ya raba, haka zai yi ta zagayawa. Da yake sarƙar ƙarfe ce, wasu maƙera sukan sa ɗan guntun roba a tsakiyarta, ko su ƙarasa ta da igiya, domin ko da wuta ta zubo mata kada ta kai ga hannu.

3. Mai turawa. Wannan wata 'yar sanda ce da ta ratsa wuyan holda daga gefe zuwa gefe. Idan ka tura ta nan, sai ta ɓullo can. Sau da yawa kai ɗaya ja ne, ɗayan kuma baƙi ko fari. Ita ce aka fi gani a jikin holda mai fin.

A nan akwai wani bambanci da ban taɓa lura da shi ba sai da abin ya same ni. Mai turawa yana nuna halin da yake ciki, domin ido yana ganin wane kai ne ya fito. Mai murɗawa da mai sarƙa kuwa ba sa nuna komai. Ƙarar kunnawa da ta kashewa iri ɗaya ce. Shaidarka ɗaya ita ce hasken ƙwan, idan kuwa ƙwan ya mutu, to shaidar ta mutu tare da shi. A daren da nake ba da labari, ban tuna ko sau nawa na murɗa makunnin ina gwada ƙwan ba. Ƙas ɗin da na ji na ƙarshe yana iya zama na kunnawa.

Me Ya Sa Makunni Yake Yin Ƙas?

Ƙarar nan tana da dalili. Idan aka raba ƙarafa biyu da wuta ke bi ta cikinsu, wutar ba ta tsayawa nan take. Takan yi ƙoƙarin tsallake ɗan ratar da aka samu, ta haifar da tartsatsi mai tsananin zafi. Idan rabuwar a hankali aka yi ta, tartsatsin yakan daɗe, ya cinye bakin ƙarafan, ya bar baƙin gawayi a kansu. A farkon zamanin lantarki wannan babbar matsala ce, musamman da yake wutar Edison irin mai tafiya hanya ɗaya ce, kamar ta batir, ita kuwa tartsatsinta ba ya mutuwa da sauri.

A 1884 John Henry Holmes na birnin Newcastle a Ingila ya fito da maganin abin. Dabararsa ita ce kada hannun mutum ya zama shi ne mai raba ƙarafan kai tsaye. Hannu zai danne sifirin ne kawai. Idan sifirin ya kai wani matsayi, sai ya fizge da kansa, ya raba ƙarafan cikin ƙiftawar ido, ko da mai kunnawar a hankali yake motsa yatsansa. Wannan fizgewa ita ce ƙas ɗin da muke ji. Wutar gidajenmu ta yau mai kai da komowa ce, tana zagayawa sau 50 a daƙiƙa, wato tana saukowa sifiri sau 100 a kowace daƙiƙa, kuma wannan yana taimakawa wajen kashe tartsatsi. Duk da haka ba a daina buƙatar sifirin ba.

Abin da za mu ɗauka a nan shi ne, makunnin da ya yi laushi, ya daina yin ƙara, ko wanda sai an tsayar da shi a tsakiya ƙwan yake kamawa, sifirinsa ya gaji. Idan kana jin ɗan sautin tsuwa a cikinsa, ko ƙwan yana ƙyafta ido idan ka taɓa shi, to tartsatsi ne yake cin ƙarfen. Irin wannan holda sauya ta ake yi, ba a lallaɓa ta.

Wace Waya Makunnin Yake Yankewa?

Yanzu mu koma wurin mai gyara. Da na ba shi labari, sai ya karɓi fitilar, ya cire ƙwan, ya sa fulogin a soket. Fulogin mai ƙafa biyu ne, irin wanda yake shiga ta kowace fuska. Ya ɗauko testa ya ɗora a kan zaren holdar, sai testar ta kama ja. Ya murɗa makunnin, ya sake ɗorawa, ta sake kamawa. Ya dube ni ya ce, "Ka gani, ɗana? Ko ka kunna ko ka kashe, wutar tana nan." Sannan ya zare fulogin, ya juya shi, ya mayar. Ya ɗora testa a kan zaren, shiru. Na ce, "Baba, ke nan laifin fulogi ne?" Ya ce, "Laifin su biyu ne. Makunnin waya ɗaya yake yankewa, fulogin kuma bai san dama da hagu ba."

Ga bayanin abin. Ƙwai ba ya kamawa sai wuta ta shiga ta fita. Saboda haka, ko wace waya ka yanke daga cikin biyun, hasken zai mutu. Ga ƙwan duk ɗaya ne. Amma ga mutum ba ɗaya ba ne, domin mutumin da yake tsaye a ƙasa shi ma hanya ce da wuta za ta iya bi. Wayar nitiral a tsarin wuta an haɗa ta da ƙasa, shi ya sa a gidan da aka yi wa aiki daidai ba ta cika jan mutum ba. Waya mai wuta kuwa tana ɗauke da kimanin bolt 230 a ƙasar nan, kuma neman hanyar zuwa ƙasa take yi.

Saboda haka ƙa'idar holda mai zare ita ce, waya mai wuta ta bi ta makunni zuwa harshen tsakiya, wanda yake can ciki inda yatsa ba ya saurin kaiwa, nitiral kuma ta tafi ga zaren gefe. Idan aka juya fulogi, komai ya juye. Waya mai wuta ta tafi kai tsaye ga zaren, makunnin kuma ya koma yanke nitiral. Fitila za ta yi ta aiki kamar babu komai, amma zaren yana da wuta dare da rana. Lokacin da kake warware ƙwai, ƙarfen gindinsa yana fitowa waje alhali yana manne da zaren. Abin da yatsana ya taɓa ke nan.

Kada a raina wannan. Na'urar da ake sa wa a gidaje domin kare rai tana yanke wuta ne da zarar abin da ya zube ya kai miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, saboda abin da ya haura haka yana iya rikita bugun zuciya. Ƙwai mai wat 60 yana jan kimanin miliamfiya 260. Wato wutar da take kunna ƙwai guda ta ninka wancan adadi fiye da sau takwas. Jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi suna sauƙaƙa wa wuta hanya.

Maƙera sun bi hanyoyi daban-daban don toshe wannan ƙofa. A Amurka an faɗaɗa ƙafa ɗaya ta fulogi, ta nitiral, domin kada ya shiga a juye. Fulogi mai ƙafa uku irin na Birtaniya, wanda muke amfani da shi, shi ma fuska ɗaya yake shiga. A ƙasashen Turai da fuloginsu yake juyawa, sai aka gyara holdar kanta. Ana yin zaren da abin da ba ya ɗaukar wuta, ko a raba shi da waya, a ɓoye harshen gefe can ƙasa, yadda ƙwan ba zai sami wuta ba sai ya shige sosai har yatsa ba zai iya taɓa ƙarfensa ba. Akwai kuma makunnin da yake yanke wayoyin biyu a lokaci ɗaya, wanda juyewar fulogi ba ta dame shi ba. Fitilar da na saya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Holda ce mai zaren ƙarfe tsirara, an haɗa ta da fulogi mai juyawa.

Holda mai fin ta tsira daga wannan matsala ta zare, amma tana da tata. Idan babu ƙwai a ciki, sandunan nan biyu a buɗe suke, yatsan yaro yana iya shiga ya taɓa su. Shi ya sa aka ƙera wani nau'i mai tsaro, wanda sandunansa ba sa samun wuta sai an maƙala ƙwai. Kowa ya bar holda ba ƙwai a inda yara suke wasa, ya bar rijiya ba murfi.

Zafi da Nauyin Wuta

Matsala ta biyu ita ce zafi. Tsohon ƙwai mai zaren haske, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. Makunnin da ke jikin holda a cikin wannan zafi yake zaune. Zafi yana kashe ƙarfin sifirin, yana busar da roba har ta riƙa farfashewa, yana kuma ƙona kwalin da ke cikin holdar tagulla. Idan kwalin nan ya ruɓe, ƙarfen waje da ake kamawa da hannu yana iya ɗaukar wuta. Shi ya sa holdar ƙarfe mai inganci take da wurin ɗaura wayar ƙasa. A jikin wasu holdoji masu fin za ka ga an rubuta T1 ko T2. T2 ta fi jure zafi.

Kowace holda kuma tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka, kuma akan rubuta a jikinta. Yawancin masu fin amfiya 2 ne. Idan ka ninka amfiya 2 da bolt 230, za ka sami wat 460. A Amurka sau da yawa akan rubuta wat 660 a jikin holda marar makunni, a rubuta wat 250 a jikin mai murɗawa. Wannan yana nuna cewa makunnin shi ne wuri mafi rauni a cikin holda, domin ƙarafansa ƙanana ne, kuma taɓa juna kawai suke yi.

A nan ne maganar ta zo kanmu mu ɗalibai. Wanene a cikinmu bai taɓa ganin an jawo wuta daga holda an dafa ruwa da hita ba, idan soket ɗin ɗaki ya lalace? Hita mai wat 1,000 tana jan fiye da amfiya 4, wato ninki biyu na abin da aka yi holdar dominsa, har da ɗoriya. Zafin da ke taruwa a mahaɗar ƙarafa kuwa, idan wuta ta ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Gaskiya ne a zamanin Hubbell an yi haka da dutsen guga, amma ba don babu haɗari ba, sai don babu soket, kuma an bar wannan hanya da soket ya samu. Warin ƙonanniyar roba da baƙin tabo a wuyan holda su ne gargaɗin farko. Silin ɗin katako da gidan sauro da littattafai su ne suke jiran na biyu.

Akwai kuma batun nauyi na zahiri. Holdar da ke rataye a waya, duk lokacin da aka ja sarƙarta ko aka tura sandarta, wayar ake ja. Maƙeri mai hankali yakan yi 'yan ƙugiyoyi a ciki da ake naɗa wayar a kansu, ko maƙoshi mai matse ta, domin nauyin kada ya sauka a kan kusoshin da suka riƙe jan ƙarfen. Idan mai haɗawa ya tsallake wannan, yau da gobe wayar za ta zame, ta yi sako-sako, ta fara zafi.

Zamanin Ƙwan LED da Sola

Ƙwan LED ya rage matsalar zafi ƙwarai, domin mai wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon mai wat 60. Amma bai taɓa matsalar juyewar waya ba ko kaɗan. Abin da ya yi shi ne ya zama ɗan tsegumi. Da yake wuta kaɗan take isar sa, wani lokaci za ka kashe shi ka ga yana ɗan haske dishi-dishi cikin duhu, ko yana walƙawa jifa-jifa. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne makunnin nitiral yake yankewa, waya mai wuta tana nan manne da ƙwan. Wanda ya ga haka a ɗakinsa, ya kira mai gyara ya duba.

Masu amfani da sola su ma su lura. Akwai ƙwai na batir mai bolt 12 wanda gindinsa daidai yake da na wutar gari, mai fin ko mai zare. Holda ba ta san bambanci ba, duk wanda aka ba ta za ta karɓa. Idan aka sa na bolt 12 a wutar gari, nan take zai ƙone. Haka kuma, idan bolt ya yi ƙasa, amfiya hawa take yi. Ƙwai mai wat 12 a kan batir mai bolt 12 amfiya ɗaya cur yake ja, alhali a wutar gari kimanin kashi ɗaya cikin ashirin na haka yake ja. Saboda haka kada a jera ƙwai da yawa a bayan ɗan makunnin holda guda.

Abubuwan Lura

Ga abin da na koya a taƙaice:

1. Kafin ka sauya ƙwai, zare fulogi daga soket. Idan holdar rufi ce, kashe wutar daga babban makunnin gida. Makunnin jikin holda bai isa shaida ba.

2. Ka kama ƙwai ta gilashinsa ko robarsa, ban da ƙarfen gindinsa. Hannu a bushe, takalmi a ƙafa.

3. Wajen saye, ka duba ko an rubuta amfiya da bolt a jikin holdar. Ka gwada makunnin a shago, ka ji ko yana yin ƙas da ƙarfi. Idan mai zare ce, ka sa ƙwai ka ga ko bakin holdar yana rufe ƙarfen gindinsa gaba ɗaya.

4. Fitilar tebur mai fulogi ƙafa biyu, ka sa mai gyara ya mayar da shi mai ƙafa uku, ya tabbatar waya mai wuta ta bi ta makunni. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ce nitiral. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce nitiral.

5. Kada a sa holda mai makunni a banɗaki ko inda ruwa yake fantsama.

6. Kada a jona hita, ko dutsen guga, ko risho na lantarki a holda.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa holda mai makunni ta samo asali ne daga al'adar fitilar gas da kuma neman sauƙin kuɗi, sannan gyare-gyaren da aka yi mata tun daga sifirin Holmes na 1884 da sarƙar Hubbell ta 1896 har zuwa ɓoyayyen harshen holdar zamani, duk ƙoƙari ne na kare hannun da dole ya kusanci wuta. Mun kuma ga cewa mutuwar haske ba ta nufin babu wuta a cikin holda.

Fitilata tana nan a kan tebur, da ita nake rubuta wannan. Baba mai gyara ya sauya mata holda, ya sa mata fulogi mai ƙafa uku, kuɗin aikin bai kai na kwanon abinci biyu ba. Da zan tafi ya ce mini, "Ɗana, wuta ba ta da aboki. Shekara talatin ina wannan sana'a, har yau sai na zare fulogi nake taɓa holda." Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan ya koma ɗaki yau, ya ɗan dubi fitilarsa da ta abokin zamansa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kare mu, ya ba mu sa'ar jarrabawa.